Fili da Masu Wasa: Daga Dandalin Daura zuwa Karkanda

Asalin ma'anar kalmar "fili" a Hausa sarari ne wanda babu gini a cikinsa. Amma yau idan aka ce "filin wasa", abin da a ke nufi gini ne mai katanga da ƙofofi da kujeru, wanda sai an biya a ke shiga. Wannan sauyin ma'ana ya biyo bayan sauyin mai biyan kuɗin wasa, shi ne kuwa abin da mu ke so mu bincika a wannan takarda.

Mu fara da Daura. Cikin labarin Bayajida an ce macijiya ta hana mutane ɗiban ruwa a rijiyar Kusugu sai ranar Juma'a, watau rijiyar tasu ce, amma amfaninta ba ya hannunsu. Da jihadi ya iso Daura wajen 1805, gidan sarautar Haɓe ya yi ƙaura, daga baya ya zauna a Zango, bai komo ba sai 1906, sa'ad da Turawa suka maido da Sarki Musa. Shekara ɗari sarauta tana waje, rijiya tana nan inda ta ke. Haka wurin wasa ya ke a wancan zamani. Dambe da kokawa a dandali a ke yinsu da kaka, sukuwa kuwa a ƙofar fada ran salla. 'Yan dambe su kan bi gari gari, in sun tashi gari bai yi hasarar kome ba, domin bai gina kome ba.

Da aka kafa Baitulmali a farkon mulkin Turawa, harajin talakawa ya zama kuɗin hukuma mai lissafi. A zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, 1906 zuwa 1944, wasan ƙwallon doki ya kafu a Katsina da keɓaɓɓen filinsa, ɗansa Sarki Usman Nagogo kuma ya shahara a kansa. Amma wannan wasa ba shi da hatsarin ƙaura, tun da masu dawakin su ne masu garin.

Ƙwallon ƙafa ne ya zo da sabon al'amari. Bayan an ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987, aka aza harsashin filin Karkanda cikin mulkin soja, ya yi shekaru barkatai ba a gama shi ba, sai zamanin Gwamna Ibrahim Shema. A 2016 aka sa masa sunan Muhammadu Dikko. Kuɗinsa na jiha ne duka, har da rabon mutanen Daura, alhali kuwa sai sun yi tafiya kafin su zauna a kujerunsa.

To, ina hatsarin ya ke? A Amurka gari ke gina fili, attajiri ke da ƙungiya. Saboda haka attajiri ya kan ce ko a gina masa sabon fili ko ya tashi. Ƙungiyar Colts ta kwashe kayanta daga Baltimore cikin dare a 1984. Birnin St. Louis ya gina wa Rams fili a 1995, suka bar shi a 2016, a lokacin jama'a ba su gama biyan bashin ginin ba.

A ƙasar Hausa kuwa galibi fili da ƙungiya na Gwamnati ne, don haka da wuya a sami attajirin da zai yi barazana. Duk da haka ƙungiyoyi sun yi ƙaura. El-Kanemi Warriors ta Maiduguri ta maida wasanninta na gida Katsina a 2015 saboda fitinar Boko Haram. Kano Pillars ta yi nata a Kaduna a 2021, sa'an nan a 2022 hukumar gasa ta tura ta Abuja, horo ne a kan tarzomar 'yan kallo ranar da ta kara da Katsina United. A kowane hali talakan da aka gina fili da harajinsa ya rasa kallo, mai sayar da ruwa da gyaɗa a bakin ƙofa ya rasa ciniki, gyaran gini kuwa bai tsaya ba.

Abin da tarihin nan ya nuna shi ne, zaman lafiya da ladabin 'yan kallo da kasafin kuɗi mai ɗorewa su ke riƙe ƙungiya a garinta, gini shi kaɗai ba ya iyawa. Ya kamata malaman da ke koyar da tarihin ƙasa su riƙa sa ɗalibansu su tambayi kowane ginin hukuma tambayar da labarin Kusugu ya bar mana, watau kwana nawa cikin mako jama'a ke ɗiban amfaninsa.