Kofin Davis na 1974: Wasan Ƙarshen da Ba a Buga Ba

Yau tarihin wasan tanis na kawo muku, labarin ƙasar da ta kai bakin kofi amma ta ce a kai kasuwa.

Kofin Davis shi ne gasar ƙasashe ta maza a tanis. An fara shi a 1900 tsakanin Amurka da Birtaniya, kuma har zuwa 1973 ƙasashe huɗu ne kacal suka taɓa ɗaga shi: Amurka, Birtaniya, Faransa da Ostareliya.

To a 1974 sai al'amura suka juya. Indiya, wadda ta dogara da wasu 'yan'uwa biyu, Vijay da Anand Amritraj, ta doke Ostareliya mai riƙe da kofin a Kalkata, sannan ta fitar da Tarayyar Sobiyet. A ɗaya ɓangaren kuma Afirka ta Kudu ta doke Italiya. Ke nan ko wa ya yi nasara, sabon zakara za a samu.

Amma fa a lokacin Afirka ta Kudu tana ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, dokokin da suka danne baƙar fata har da 'yan asalin Indiya mazauna can. Kar ku manta, a ƙasar ne aka fitar da Mahatma Gandhi daga jirgin ƙasa a 1893 saboda launinsa. Gwamnatin Indira Gandhi ta ce 'yan wasanta ba za su buga ba. Haka aka miƙa wa Afirka ta Kudu kofin ba tare da an buga ƙwallo ko ɗaya ba.

Ku duba abin da Indiya ta sadaukar. Vijay yana da shekara 20 kawai, yana kan ganiyarsa. Indiya ta sake kai wasan ƙarshe a 1987, Suwidin ta lallasa ta, kuma har yau ba ta taɓa cin kofin ba. Ita ma Afirka ta Kudu ba ta ƙara ganinsa ba.

Ni dai a ganina Indiya ta yi daidai, don irin wannan ƙauracewar, kamar wadda Najeriya da ƙasashen Afirka suka yi wa gasar Olamfik ta 1976, ta taimaka wajen mayar da gwamnatin wariya saniyar ware. Ku kuma me kuka gani? Da ku ne 'yan wasan, za ku haƙura?

Sai mun haɗu a shiri na gaba. Ku huta lafiya.