Fadar Versailles da Fadar Fumban: Wadda Ta Zama Kufai da Wadda Ta Rayu

Daga 2015 zuwa 2018 tashar Canal+ ta haska wani wasan kwaikwayo mai suna Versailles, wanda ya nuna ƙuruciyar Sarki Louis na 14 da yadda ya mayar da gidan farautar mahaifinsa ƙasaitacciyar fada. Abin mamaki, da Turancin Ingilishi aka yi wasan domin ya samu kasuwa a duniya. An cika shi da makirci da soyayya, amma ya kama gaskiya guda: sarkin ya tara hakimansa a gabansa ne don kada su yi masa bore daga nesa. A 1682 ya mayar da gwamnati can. A Oktoban 1789 talakawa suka tasa ƙeyar Louis na 16 zuwa Paris, kuma tun daga ranar babu sarkin da ya sake mayar da fadar mazauninsa. A 1837 aka mai da ita gidan tarihi, yau miliyoyin mutane ke ziyartarta duk shekara.

Mazaunin unguwar Briqueterie a Yawunde ba ya bukatar tsallaka teku kafin ya ga irin wannan labari. Ya ɗauki hanyar Bafoussam ya wuce Fumban, inda Sarkin Bamun Ibrahim Njoya ya aza harsashin fadarsa ta bulo a 1917, bayan ya ga gidan gwamnan Jamus a Buea. Njoya ba baƙonmu ba ne. Dakarun Lamiɗon Banyo ne suka taimaka masa ya murƙushe tawaye a farkon sarautarsa, kuma ta hannun Fulani da fataken Hausawa Musulunci da rawani da babbar riga suka shiga fadarsa. Shi ne kuma ya ƙago wa harshensa haruffan rubutu, har aka rubuta tarihin Bamun da su.

Faransawa, waɗanda ke alfahari da fadar sarkinsu, ba su ƙaunaci wannan ba. Sun rage masa iko, sannan a 1931 suka kawo shi Yawunde gudun hijira, inda ya rasu a 1933. Gadon sarauta mai ado da duwatsun wuya, Mandu Yenu, wanda aka bai wa Sarkin Jamus Wilhelm na 2 a 1908, har yau yana Berlin.

Sai dai Fumban ba ta zama kufai ba. Ɗansa Seidou ya gaje shi ya yi mulki har 1992, kuma a 2021 aka naɗa Nabil Mbombo Njoya. A 2023 UNESCO ta sanya bikin Nguon cikin gadon al'adun duniya, bikin da a cikinsa jama'a ke tsayar da sarki su tuhume shi kan mulkinsa. A 2024 aka buɗe sabon gidan tarihi kusa da fadar, mai siffar maciji mai kai biyu da gizo-gizo a bisansa. Mai ziyarar Versailles gadon Louis yake tararwa babu kowa a kai. Wanda ya je Fumban ranar Juma'a zai iya ganin sarki da kansa ya fito masallaci, ana busa a gabansa.