Ƙuri'a Cikin Ƙarar Bindiga: Zaɓen 2015 a Bauchi da Zaɓukan Lokutan Yaƙi

Ranar Lahadi 29 ga Maris 2015, ana tsakiyar tattara sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, gwamnatin Jihar Bauchi ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana a ƙananan hukumomin Bauchi da Alkaleri da Kirfi. Mayaƙan Boko Haram sun ratsa Kirfi da Alkaleri, sun far wa gine-ginen gwamnati, sannan suka doso birnin Bauchi, sojoji suka tare su a Dungulbe, ƙauyen da bai kai kilomita 10 daga gari ba. Duk da haka ƙuri'un jihar sun isa Abuja: Muhammadu Buhari ya samu 931,598, Goodluck Jonathan 86,085. Garin da rikicin Boko Haram ya fara ɓarkewa a cikinsa ranar 26 ga Yuli 2009, lokacin da aka kai hari ofishin 'yan sanda na Dutsen Tanshi, ya yi zaɓe yaƙi na bakin ƙofarsa.

Duk lokacin da aka taso da maganar zaɓe cikin yaƙi, muhawara takan tsaya kan abu guda: a yi, ko a ɗage? Masu cewa a yi sukan kawo Amurka ta 1864, masu cewa a ɗage su kawo Birtaniya ta zamanin yaƙin duniya na biyu. Abin da wannan maƙala ke son nunawa shi ne, waɗannan misalai biyu sun fito ne daga wani irin yaƙi da ba shi muke fama da shi ba. A yaƙe-yaƙen da, wanda ke cikin haɗarin rasa ƙuri'arsa soja ne da ke fagen daga. A yaƙin yau, ɗan gudun hijira ne. Duk kwatancin da bai lura da wannan sauyi ba zai kai mu ga yabon zaɓen da ya bar mutanen da suka fi kowa shan wahala a waje.

Mu fara da Amurka. Ranar 8 ga Nuwamba 1864, yaƙin basasa na cikin shekararsa ta huɗu, Abraham Lincoln ya kara da George McClellan, tsohon babban kwamandan da shi da kansa ya sauke. A watan Agusta na shekarar Lincoln ya ɗauka zai faɗi, amma bai nemi ɗage zaɓen ba. Ya ci da wakilai 212, abokin hamayyarsa na da 21. Jihohi da dama sun yi dokokin da suka ba sojoji damar kaɗa ƙuri'a a sansanoninsu, kuma fiye da kashi 70 cikin 100 na waɗannan ƙuri'u Lincoln suka zaɓa. Wannan abin yabo ne ƙwarai. Sai dai a lura da abin da ya sa ya yiwu. Yaƙin yana da iyaka sananniya. Galibin gumurzun a Kudu ake yi, manomin Ohayo kuwa zai je rumfar zaɓe ya dawo gida lafiya. Jihohi 11 da suka ɓalle ba a lissafa da su ba, bayi miliyoyi da ake yaƙin a kansu ba su da ƙuri'a, mata ma haka. Matsalar da ta rage wa hukuma ita ce ta kai akwati wurin soja, kuma soja mutum ne mai lamba da runduna da kwamanda, an san inda ya kwana.

Birtaniya ta bi ɗaya hanyar. Majalisar da aka zaɓa a 1910 ta zauna har ƙarshen 1918, wadda aka zaɓa a 1935 ta kai 1945. Amma tsawaita wa'adin ba hukuncin mutum ɗaya ba ne. Majalisa ce ke sabunta shi da doka shekara bayan shekara, kuma tun daga Mayu 1940 jam'iyyar adawa ta Leba tana cikin gwamnatin haɗaka ta Winston Churchill, shugabanta Clement Attlee har ya zama mataimakin firaminista. Wato wanda ɗage zaɓen zai cuta yana zaune a teburin da ake yanke shawarar. Da aka gama da Jamus aka yi zaɓe ranar 5 ga Yuli 1945, aka jinkirta ƙirga zuwa 26 ga wata don a jira ƙuri'un sojojin da ke ƙetare, Churchill kuma ya faɗi.

A nan akwai abin da ya shafe mu kai-tsaye, wanda littattafan tarihin zaɓe ba su cika ambata ba. Cikin dakarun da suka yi yaƙi a Burma akwai runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, mafi yawansu 'yan Nijeriya, da yawa daga Arewa. Baturen da ke tare da su yana da ƙuri'a a zaɓen 1945, su ba su da ita a ko'ina a duniya. Tsarin mulkin Clifford na 1922 kujeru huɗu kawai ya ware na zaɓe, uku a Legas, ɗaya a Kalaba, Arewa ba ta cikin lissafi. A cikin waɗannan shekaru ne Malam Sa'adu Zungur da Malam Aminu Kano da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa suke zaman muhawara a Bauchi, suna tuhumar mulkin En'e da na Turawa. Tun ran gini, tambayar Bauchi game da yaƙi da zaɓe ita ce wa aka bari a waje.

Kanada ta 1917 ita ce misalin da ya kamata kowane mai nazari ya riƙe, domin ta nuna cewa yin zaɓe a kan lokaci ba ya wanke gwamnati. Ana cikin yaƙin duniya na farko, Firaminista Robert Borden yana son tilasta wa samari shiga soja. Sai gwamnatinsa ta yi dokar da ta ba matan sojoji da uwayensu da 'yan'uwansu mata da 'ya'yansu mata ƙuri'a, ta kuma ƙwace ta daga hannun waɗanda suka fito daga ƙasashen abokan gaba suka zama 'yan ƙasa bayan 1902. Wata dokar kuma ta ba da damar a ɗauki ƙuri'ar sojan da bai ambaci mazaɓarsa ba a jefa ta inda ake buƙata. Borden ya ci zaɓe. Gwamnati ce ta zaɓi masu zaɓenta.

Yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970 bai ba mu darasi ta wannan fuska ba, domin sojoji sun riga sun rushe jamhuriya tun Janairu 1966, lokacin da aka ɗauke Tafawa Ɓalewa, wanda kabarinsa ke cikin garin Bauchi. Abin da ya koya mana shi ne tsawon da ɗagewa ke yi idan babu mai tsawatarwa. Janar Yakubu Gowon ya yi alkawarin miƙa mulki a 1976, ya janye alkawarin ranar 1 ga Oktoba 1974, aka hamɓarar da shi a Yuli 1975. Daga zaɓen tarayya na Disamba 1964, sai a 1979 'yan Nijeriya suka sake zaɓen gwamnatin ƙasa.

Yaƙe-yaƙen wannan ƙarni sun zo da wata siffa. Babu fagen daga guda, kuma rumfar zaɓe ita kanta abin hari ce. A Iraƙi, a zaɓen Janairu 2005, kimanin kashi 2 cikin 100 ne suka fito a lardin Anbar, saboda ƙaurace wa zaɓen da kuma tsoro, kuma majalisar da ta fito daga wannan zaɓe ita ta jagoranci rubuta tsarin mulki. A Afganistan, a 2019, ƙuri'un da aka amince da su ba su kai miliyan 2 ba cikin masu rajista sama da miliyan 9. A Mali an sace madugun adawa Soumaïla Cissé ranar 25 ga Maris 2020 yana yaƙin neman zaɓe a yankin Niafunke, aka ci gaba da zaɓen majalisa bayan kwana huɗu, kotun tsarin mulki ta sauya sakamakon kujeru kimanin 30, zanga-zanga ta ɓarke, sojoji suka kifar da Shugaba Ibrahim Boubacar Keïta ranar 18 ga Agusta. A Nijar, ranar zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa, 21 ga Fabrairu 2021, nakiya ta kashe ma'aikatan hukumar zaɓe bakwai a jihar Tilaberi. Yukren kuwa ta dakatar da zaɓen majalisa na Oktoba 2023 da na shugaban ƙasa na Maris 2024 a ƙarƙashin dokar soja, kuma babbar hujjarta miliyoyin mutanen da suka bar gidajensu da yankunan da Rasha ta mamaye. A duk waɗannan wurare, wanda ke rasa murya farar hula ne da yaƙi ya kora ko ya tsare a gida.

Da wannan ma'auni ya kamata a auna 2015. An tsara zaɓe ranar 14 ga Fabrairu. Mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Sambo Dasuki, ya fara kawo maganar ɗagewa a Landan cikin Janairu, a kan hujjar cewa katunan zaɓe ba su gama isa hannun jama'a ba. Bayan haka hukumomin tsaro suka sanar da hukumar zaɓe ta INEC cewa ba za su iya ba da kariya ba, domin za su shiga farmaki a Arewa maso Gabas. Ranar 7 ga Fabrairu shugaban hukumar na lokacin, Farfesa Attahiru Jega, ya ba da sanarwar ɗagewa da mako shida, zuwa 28 ga Maris da 11 ga Afrilu. A Bauchi, kamar sauran Arewa, mutane da yawa sun ɗauka dabara ce ta gwamnatin da ke tsoron faɗuwa, kuma zargin yana da tushe: waɗanda suka nemi ɗagewar naɗaɗɗun ɗan takara ne, babu kuma wani zama irin na Birtaniya da ya sa 'yan adawa cikin shawarar a matsayin abokan mulki.

Duk da wannan aibi, a ganina ɗagewar ta tsaya cikin iyaka, saboda dalilai uku da ke haɗe da juna. Tana da rana tsayayya. Ba ta ƙetare wa'adin da tsarin mulki ya gindaya ba, na yin zaɓe aƙalla kwana 30 kafin ƙarewar mulki ranar 29 ga Mayu. Ba a kuma taɓa sashe na 135(3) ba, wanda ya ba Majalisar Tarayya ikon tsawaita wa'adin shugaban ƙasa da wata shida-shida idan ƙasa na cikin yaƙi. Wannan sashe ƙofa ce da in an buɗe ta, rufe ta sai Allah. Barazanar ma ta gaske ce: a ranar 14 ga Fabrairun da aka so yin zaɓen, mayaƙan sun shiga Gombe suna watsa takardun gargaɗi kada kowa ya fita zaɓe. Cikin makonnin shida, da taimakon dakarun Cadi da Nijar da Kamaru, an ƙwato garuruwa da dama, Gwoza ta dawo hannun gwamnati ranar 27 ga Maris. Jonathan ya faɗi da ƙuri'u miliyan 12.8 a gaban miliyan 15.4 na Buhari, ya kuma amince da kaye.

Inda zaɓen ya gaza shi ne inda ba a cika dubawa ba. INEC ta yi tanadi domin 'yan gudun hijira a Barno da Yobe da Adamawa, ta kafa musu cibiyoyin zaɓe, amma a cikin jihar da suka yi rajista kaɗai. Wanda ya tsere daga Gwoza ko Damboa ya tsaya a Maiduguri zai iya zaɓe. Wanda tsoro ya kai shi har Bauchi ko Azare, ya sauka gidan dangi ko ya kama hayar ɗaki, sai dai ya sake bin hanyar da ya gudo ta cikinta, ko ya haƙura. Mafi yawan masu gudun hijirar da suka zo Jihar Bauchi cikin jama'a suka saje, babu sansanin da za a kai wa akwati. A Barno kanta, ƙuri'un da aka kaɗa ba su kai kashi ɗaya cikin uku na masu rajista ba. Mutanen da yaƙin ya cinye wa gida da gona da 'ya'ya, waɗanda suka fi kowa haƙƙin yi wa gwamnati hisabi a kan yadda ta tafiyar da shi, su ne muryarsu ta fi ƙanƙanta. Amurka ta kai akwati wurin sojanta tun 1864; mu bayan shekara 150 mun kasa kai shi wurin matar da ta gudo daga Baga.

Za a ce barin mutum ya yi zaɓe a wajen jiharsa ƙofar maguɗi ce, kuma Kanada ta 1917 ta tabbatar da cewa wannan tsoro ba na banza ba ne. Ɗan gudun hijira yana cin abinci daga hannun hukuma, mai ba shi buhun shinkafa na iya neman ƙuri'arsa. Amma maganin wannan shi ne ƙa'ida bayyananniya da idon wakilan jam'iyyu. Ƙuri'a ta tafi mazaɓar da ke rubuce a katin mai ita, ba inda wani jami'i ya ga dama ba. Na'urar tantance masu zaɓe da aka fara amfani da ita a 2015, da BVAS da ta gaje ta, sun nuna cewa za a iya saita na'ura ta tabbatar da mutum ko a ina yake tsaye. Hana ƙuri'a don gudun a saye ta hukunci ne a kan wanda aka zalunta.

Dokar zaɓe ta 2022, a sashe na 24, ta ɗora wa INEC nauyin tabbatar da cewa waɗanda wani bala'i ya raba da muhallinsu ba su rasa ƙuri'a ba, gwargwadon yadda zai yiwu. Wannan gwargwado shi ne inda haƙƙin yake zubewa. Yau kuma masu gudun ba na Arewa maso Gabas kaɗai ba ne. 'Yan bindiga sun tashi ƙauyuka a Zamfara da Katsina da Sakkwato da Neja, rikici ya kori mutane a Filato da Binuwai. Ina kira ga INEC da ta yi rajistar waɗannan mutane a unguwannin da suke zaune, tare da masu unguwanni da hakimai da suka san wanda ya sauka a gidan wa, ta kuma bayyana ƙa'idar zaɓensu watanni kafin ranar zaɓe, yadda kowace jam'iyya za ta gani ta yi magana. 'Yan majalisar tarayya daga Jihar Bauchi, wadda ta karɓi baƙin yaƙi tun farkon rikicin, su suka fi dacewa su gabatar da gyaran da zai mayar da wannan tanadi wajibi a kan hukumar.