Matilda, sunan mace mai ɗauke da yaƙi

A Maijirgi, kamar sauran garuruwan Tasawa da Mayahi, sunan yanka na 'ya mace daga gidan Annabi yake fitowa: Hadiza, A'i, Zainabu, Fatsima. Ranar haihuwa kuma ta ƙara mata Ladi ko Talatu. Amma wanda ya yi boko, ko ya zauna da Kiristocin Maraɗi da Yamai, yana iya cin karo da wata Mathilde, ya ɗauka sunan Faransawa ne. Su ma aro suka yi. Tushensa tsohon Jamusanci ne, daga "maht", ƙarfi, da "hild", yaƙi, wato mai ƙarfi a fagen fama.

Matan sarauta ne suka yaɗa shi. Matilda, matar Sarki Henri na ɗaya na Jamus kuma mahaifiyar Otto Babba, ta kafa gidan ibada na mata a Quedlinburg a 936, ta rasu a 968, cocin Katolika ya sa ta cikin waliyyansa. Matilda ta Tuskani, a Italiya, tana da rundunarta, kuma a ƙofar ganuwarta ta Canossa ne Sarki Henri na huɗu na Jamus ya tsaya cikin ƙanƙara a 1077 yana roƙon gafarar Paparoma.

Wadda ta fi cika sunan ita ce ta Ingila, jikar Wiliyam da ya ci ƙasar da yaƙi a 1066. Mahaifinta ya sa manyan ƙasa sun rantse za su bi ta, yana rasuwa a 1135 ɗan gwaggonta Stephen ya haye gadon. Ba ta haƙura ba. Ta tara mayaƙa, suka yi shekaru ana gwabzawa, har ta taɓa kama shi a 1141. Ba ta sha naɗi ba, amma ɗanta Henri na biyu ya hau a 1154.

A ganina mutanen Maijirgi sun fi kowa sanin nauyin irin wannan mace. Sarauniya Mangu ta Lugu ta tari ayarin sojan Faransa na Voulet da Chanoine a Afrilun 1899, lokacin da sarakuna maza da dama suka kauce masa. Wata uku bayan haka sojojin ayarin suka kashe jagororinsu biyu, kaburburansu suna nan a Maijirgi.

Sunan ya daɗe yana tashe yana kwanciya a Turai. A Faransa ya farfaɗo sosai a shekarun 1990, kuma tun 2013 sarauniyar Beljiyam Mathilde ce. Matasanmu kuwa ta hanyar ƙwallo suka fi jin sa, domin ƙungiyar matan Ostireliya "Matildas" ake ce mata. Su ne 'yan matan Najeriya suka doke da ci 3 da 2 a Brisbane, ranar 27 ga Yulin 2023, a gasar cin kofin duniya.