Gidan Gonar Frederiksgave a Sesemi

Wanda ya tashi daga Adabraka ya bi hanyar Madina zuwa Abokobi, zai tarar da wani farin gida a ƙauyen Sesemi, gindin duwatsun Akuapem. Shi ne Frederiksgave, gidan gonar Turawan Danmak. Dokarsu ta hana fitar da bayi ta teku ta fara aiki a 1803, amma bautar ba ta ƙare ba: a nan suka sa bayi noman kofi, kafin su sayar wa Ingila kadarorinsu a 1850. An sake gina gidan, aka buɗe shi a 2007. Aikin ya yi kyau, sai dai ɗakin ubangida aka tayar. Bukkokin manoman kuwa, burbushinsu kawai masu binciken Jami'ar Ghana suka tono.