Ƙasar Wurno, Rabah da Goronyo a Tarihin Motsin Ƙasa

Girgizar ƙasa, wadda ke aukuwa idan tsagin da ke tsakanin manyan faya-fayan dutsen da ke ɗauke da doron duniya ya zame farat ɗaya, abu ne da mazauna tsibiran Indonesiya da Filifin suka saba da shi kamar yadda manomin Rabah ya saba da hadarin damina, domin tsibiransu suna zaune ne daidai inda wani faifai ke nutsewa ƙarƙashin wani. A can, girgiza mai matsakaicin ƙarfi, wato wadda ta kai maki 5 amma ba ta kai 6 ba a ma'aunin masana, takan tsattsage bango ta zubar da rufi, alhali wadda ta auku kusa da Sumatra ranar 26 ga Disamba, 2004 ta zarce maki 9, ta kuma tayar da igiyar teku da ta hallaka mutane fiye da 200,000.

Gabashin Jihar Sakkwato kuwa, inda Wurno da Rabah da Goronyo suke, yana can tsakiyar faifan Afirka, nesa da gefunan da ke gogayya, shi ya sa ƙasar ke zaune lafiya, duk da cewa an ji 'yar girgiza a Kwoi ta Jihar Kaduna a 2016 da Mpape ta Abuja a 2018, kuma birnin Akara na ƙasar Gana, inda Hausawa suka daɗe da kafa zango, ya ga girgiza mai ɓarna a 1939.

Kuskure ne a ɗauka cewa ƙasar da ba ta girgiza ba ta taɓa motsi ba. Yankin nan ɓangare ne na wani makeken kwari da masana duwatsu ke kira Iullemmeden, wanda ya ratsa Nijar da Mali, kuma ya yi ta lotsawa sannu a hankali har ruwan teku ya malalo ta Sahara ya rufe shi kimanin shekara miliyan 70 da suka wuce. Yashi da laka da suka kwanta a wancan zamani su ne shimfiɗun dutsen da aka haɗa ƙarƙashin sunan Rima, aka kuma raɗa wa kowace sunan garin da ta fi bayyana: Taloka a ƙasa, Dukamaje a tsakiya, Wurno a sama. A cikin shimfiɗar Dukamaje ne aka tono ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar teku mai rarrafe, wadda Baturen Birtaniya Swinton ya fara bayaninta a 1930, kafin masanan Italiya ƙarƙashin Azzaroli su ba ta sunan Goronyosaurus a 1972. Abin takaici ne ƙwarai cewa wannan suna ya fi yawo a jami'o'in Turai fiye da makarantun Goronyo kanta. Teku ya sake dawowa bayan haka, ya bar farin dutsen Kalambaina, wanda masana'antar siminti ta Sakkwato ke ci har yau. Kuma kasancewar shimfiɗun suna kwance kusan a miƙe, da ɗan karkata kaɗan zuwa arewa maso yamma, shaida ce cewa babu wani tashin hankalin ƙasa da ya nannaɗe su tun daga lokacin.

A kan tudun da waɗannan duwatsu suka samar, bisa fadamar Gulbin Rima, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa Wurno a matsayin ribaɗi, wato garin tsaron iyaka, inda ya rasu a 1837 aka binne shi, kuma a nan ɗansa Aliyu Babba yake zaune lokacin da Bajamushe Barth ya ziyarci garin a 1853. Ganuwa da soraye da masallatai duk da tubalin ƙasa aka gina su, irin ginin da yake cikin waɗanda suka fi saurin rushewa a ƙasashen girgiza, amma a nan ya rayu ƙarni bayan ƙarni, tun da abin da magini ke tsoro shi ne ruwan sama, wanda ake kare shi da yaɓe da indararo.

Ruwa ne dai ya ci gaba da zama babbar barazanar kwarin. An kammala madatsar Goronyo a 1984, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, domin noman rani da ruwan sha, sai dai a watan Satumba na 2010, bayan mamakon ruwa da sakin ruwan madatsar, ambaliya ta cinye gonaki da gidajen ƙasa a Goronyo da Wurno da ƙauyukan da ke bin gulbin, har ta yanke hanyar da ta haɗa birnin Sakkwato da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo.