Tekun da Ya Kwanta a Ƙarƙashin Dogarawa

Daga Dogarawa, kusa da Malbaza a yankin Adar, zuwa bakin tekun Gini akwai tafiyar fiye da kilomita 800. Amma farin dutsen da masana'antar Malbaza ke toyawa ta yi siminti cike yake da ɓawon halittun ruwan gishiri: katantanwa, ƙumba, da wata dunƙulalliyar halitta mai ƙaya. Wa ya kawo su Adar?

Tambayar ta haura shekara ɗari. A 1903 Albert de Lapparent ya sanar a Faransa cewa an tsinto irin waɗannan ɓawo a wajen Tamaske. A 1904 F. A. Bather ya bayyana wasu da hafsan Ingila Lelean ya kwaso lokacin shata iyakar Nijar da Najeriya. Duka biyun sun ɗauka dutsen na zamanin Eyosin ne. Binciken baya, har da aikin Greigert na 1966 kan kwarin Iullemmeden, wanda Adar ke cikinsa, ya tura shekarunsa baya, zuwa wajen miliyan 60.

Sai dai ɓawo kaɗai ba ya kashe gardama. Ambaliya na iya kwasar katantanwa ta zubar da ita nesa da gidanta. Shaidar da na fi amincewa da ita ita ce wadda ba ta ɗaukuwa, wato ramukan da halittu suka haƙa tun laka na ɗanya. A tsaunukan Taloka, kusa da Goronyo a ƙasar Sakkwato, cikin wannan kwarin dai, akwai ramuka masu rassa da masana ke kira Talasinoyidis. Dangin jatan lande ne ke haƙa irinsu har yau a gaɓar teku. Rami ba ya ƙaura. Inda ka gan shi, nan mai shi ya zauna, kuma fasalinsa na nuna ruwa ne marar zurfi, mai cika yana janyewa.

Bisa shimfiɗar dutsen Taloka sai ta Dukamaje, mai ƙasusuwan Goronyosaurus, babban ƙadangaren teku da aka laƙaba wa sunan Goronyo. An samu danginsa a dutsen Igdaman a jihar Tawa. Can sama kuma farin dutsen, wanda ya kwanta a ruwa mai ɗumi, garau, bayan ƙarewar waɗannan dabbobi shekara miliyan 66 da suka wuce. Ke nan teku ba sau ɗaya ya shigo ba. Ya zo, ya koma, ya sake dawowa.

Ta ina ya bi? Mafi yawan masana sun ce daga arewa, daga tsohon tekun Tetis, ta mashigin Gao. Ko ya zarce kudu ta kwarin Bida ya sadu da Atilantika, nan ne har yanzu ake ja-in-ja, domin zaizaya ta cinye duwatsun tsakani. Shi ya sa bangon kowane ramin haƙar dutse a Malbaza ya cancanci a auna shi, a ɗau hotonsa shimfiɗa-shimfiɗa, kafin a fasa shi a kai wuta.